Maɓallin da Na Shafa wa Jan Farce

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ni ma na koma gidan ubana a Ƙofar Kwaya, da akwati biyu da tsohuwar kwamfuta ɗaya. Aurena ya mutu, ba faɗa ba tashin hankali, zaman ne kawai ya ƙi. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, yayyena maza suna Kaduna da Abuja da iyalansu, saboda haka gidan nan mai ɗakuna bakwai ya rage daga ni sai Baba. Shi tsohon ma'aikacin mulki ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a rubuta takardun gwamnati har ya yi ritaya. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Da safe ina koyar da Fiziks a wata makaranta can hanyar Batagarawa. Sauran rayuwata kuwa ta digiri na uku ce, wanda nake yi daga nesa a hannun wani tsohon farfesa, a wata jami'a mai tafiyar yini guda a mota. Malam kawai nake ce masa. Duk sashensu shi kaɗai ya san irin aikin da nake yi, kuma saura masa shekara ɗaya ya ajiye aiki. Bai ɓoye mini ba. Ranar da na je gaishe shi kafin in dawo Katsina, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Idan ban sa miki hannu kafin in tafi ba, babu mai sa miki. Shekarun rajistarki ma sun kusa cika. Ki kawo mini sakamako." Da wannan magana na hau mota, da ita nake tashi kowace safiya.

Mutane da yawa sun tambaye ni me nake bincike a kai, kusan dukansu sun yi da-na-sanin tambayar. A kan iskar hiliyom ne, wadda ake hura balan-balan da ita. Idan aka sanyaya ta ƙwarai da gaske, irin sanyin da ba a samu sai a ɗakin gwaji, takan zama ruwa, ruwan kuma ya riƙa yin abin da hankali ba ya ɗauka, har ya hau bangon kofi ya fice da kansa. Dalili shi ne a irin wannan sanyi ƙwayoyin zarra ba sa zama wuri guda kamar tsakuwa. Ba ka iya cewa ga ta nan, sai dai ka ce tana iya kasancewa nan ko can. Lissafin ƙwaya ɗaya da sauƙi. Amma idan suka yi yawa, kowace tana jan 'yar'uwarta tana kuma ture ta, babu mai warware lissafin da alƙalami.

Sai masana suka samo dabara. A ɗauki kowace ƙwaya a zana ta kamar carbi, zagaye guda mai 'ya'ya da yawa, kowane ɗan carbi yana nuna wani wuri da ƙwayar za ta iya bi. Iya sanyi iya tsawon carbin, har na wannan ya sarƙe da na waccan su zama ɗaya. Aikin kwamfuta shi ne ta ɗauki ɗan carbi guda ta gusa shi kaɗan, ta auna ko gusawar ta dace, ta karɓa ko ta mayar da shi, ta sake ɗaukar wani. Haka za ta yi ta yi ba gajiya, tana auna ƙarfin da ke cikin ruwan, daga ƙarshe a haɗa a raba a sami matsakaici. Sharaɗin guda ne: zaɓen ɗan carbin da inda za a gusa shi dole ya zama na kan mai uwa da wabi. Na'ura kuwa ba ta san wannan ba. Sai an ba ta lamba ɗaya ta farko, mu muna ce mata iri, daga ita take haifo duk sauran. Idan ka ba ta iri ɗaya sau goma, hanya ɗaya za ta bi sau goma, ba ƙari ba ragi.

Duk garin Katsina mutum ɗaya ne yake sauraron wannan bayani har ƙarshe, wani malamin lissafi a makarantarmu. Da siyasa ta kankama, aka ɗauke shi mai ba wani babba shawara, ya tafi. Sau ɗaya ya leƙo ɗakin malamai bayan nan, cikin babbar riga tana ƙamshi, ya ce mini, "Malama, har yanzu ana nan ana jan carbin?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ya fahimci aikin, kuma ya zaɓi ya mayar da shi abin ba'a. Daga ranar na daina maganar a makaranta. Kowa hirarsa wa aka naɗa, wa aka cire, ni kuma in zauna a kusurwa ina gyaran takardun ɗalibai. A gida kuwa matan dangi idan sun zo, tambayarsu ɗaya ce, yaushe zan daina zama da wannan akwatin in yi aure. Na yi kaɗaici a shekarar nan irin wanda ban yi ba ko a gidan auren da na baro.

Na ajiye kwamfutar a ɗakin da ke kusa da zaure, inda da can ake tara buhunan gero. Matsalata wuta. An yi mana alkawarin farar hula za su gyara ta, amma a unguwarmu sai da hantsi ake kawo ta, lokacin ina gaban allo a makaranta, kafin in dawo an ɗauke. Janareta kuwa ya fi ƙarfina. Sai na tsara firogiram ɗin, wato umarnin da na rubuta wa kwamfutar, yadda da an kunna na'urar zai fara aiki da kansa, yana ajiye matsakaicin da ya samu lokaci-lokaci, don ko an ɗauke wuta kada a rasa komai. Iri kuma na ce ya riƙa ɗauka daga agogon cikin kwamfutar, ya haɗa rana da awa da minti ya yi lamba. Kowace rana ke nan da sabon iri, sabuwar hanya. Ranar da na rubuta wannan layin na ji kaina ya yi girma, na ce ko Malam sai ya yaba.

Saura mai kunnawa. Baba ya ce shi zai yi.

"Mi nike yi a gidan, Uwata? In dai danna abu ne, ai na danna tafireta kahin a haihe ki."

Abu ɗaya ne ya so ya ba mu wahala. Duk lokacin da aka kunna ta, kwamfutar takan tsaya ta rubuta wani layin Turanci a kan baƙin allo, rabi harufan da ba su haɗa kalma ba, ta nemi a danna wani maɓalli kafin ta ci gaba. Wanda na saye ta a hannunsa ya ce mini haka take, in danna kawai. Ban ƙara bi ta kai ba. Don kada Baba ya sha wahalar nema, na ɗauko jan farce na ɗiga a kan maɓallin. Ya sa tabarau ya karanta layin sau biyu, shi da ya san Turancin ofis ciki da waje, ya ce bai gane ba.

"Mi take cewa nan?"

"Gaisuwarta ce, Baba. Ka danna jan, ka amsa mata."

Ya yi dariya har da tari. Tun daga ranar, da ya idar da walha sai ya ɗauko kujerarsa ya zauna a ɗakin geron yana jiran wuta, rediyonsa a cinya. Da ƙwan lantarki ya kama zai kunna na'urar, da layin ya fito zai danna jan. Baba bai taɓa makara a wurin aiki ba, nan ma bai makara ba.

Wata rana na dawo a gajiye, rana ta gasa ni a kan acaɓa, ɗalibai sun ɓata mini rai, ya tare ni tun a zaure. Bayan sannu da zuwa da ina gajiya da ya yaran, sai ya ce, "Uwata, agogon na'urar nan taki bai tahiya daidai. Kullum na kunna, sha biyu yake nunawa."

Na amsa masa ko tsayawa ban yi ba. "Baba, ba lokacin salla nake nema a wurinta ba. Ka bar ta ta yi aikinta."

Ya ce to. Bai sake tayar da maganar ba. Ni kuma ko minti ɗaya ban tsaya na haɗa agogon da ya faɗa da agogon da na ɗora dukan aikina a kai ba. A raina tsoho ne kawai yake neman abin hira.

Sakamako ya yi ta taruwa. Kowace la'asar, idan an yi sa'a wutar ta ɗan dawo, sai in duba lambar da aikin ranar ya bari in kwafe. Wata rana wuta ta yi awa biyu, wata rana biyar, don haka lambobin ba su zo daidai da daidai ba, sukan ɗan bambanta a wutsiya. Amma kusancinsu abin mamaki ne. Irin wannan aiki an san shi da hayaniya, yau lamba ta yi sama gobe ta yi ƙasa, sai an tara da yawa kafin gaskiya ta fito. Nawa kuwa ya kwanta lumui tun makon farko. Mai hankali da ya tsorata. Ni sai na ɗauka iyawata ce, na ce ashe duk shekarun nan raina ni ake yi. Bayan wata biyar na zana jadawali mai kyau, ɗigo-ɗigon sun jeru a kan layi kamar an sa su sahu, na saka a faifai, na haɗa da wasiƙa.

Akwai wani direba da ke zuwa garin su Malam kowace Talata. Shi nake ba wa saƙo a tasha, ya ajiye a wani shago kusa da ƙofar jami'a, idan akwai amsa ya taho da ita. Mako biyu ina zuwa tasha yana girgiza mini kai. A na uku ya miƙo mini ambulan ruwan ƙasa.

Malam ba ya yabo. Shekara huɗu ina hannunsa, mafi daɗin abin da ya taɓa rubuta mini shi ne "ba laifi". Wannan karon shafi guda ya cika. Ya ce bai taɓa ganin sakamako mai tsabta haka daga ƙaramar na'ura ba, ya ce ya nuna wa shugaban sashe, ya ce in fara rubuta babi na ƙarshe, yana fatan nawa ne zai zama kundin da zai sa wa hannu na ƙarshe a rayuwar aikinsa. A tsaye na karanta a bakin tasha, masu tallar ruwa suna bangaje ni, hawaye yana zubo mini. Na duba hagu da dama, babu fuska ɗaya da zan nuna wa takardar ta gane nauyinta.

Baba na kai wa. Na same shi a tsakar gida a ƙarƙashin darbejiya, na durƙusa na karanta masa daga farko har ƙarshe. Ya yi hamdala, ya sa mini albarka, ya ce in sake karanta wurin da aka ce mai tsabta. Sannan ya miƙe ya shiga ɗakin geron, ya fito da wani littafi mai baƙin bango, irin na ofis.

"To ni ma ga nawa. Ba a aikin gwamnati babu rijista."

Ban san yana rubuta komai ba. Ya ja layuka da rula. Ga ranar, ga lokacin da aka kawo wuta bisa agogon hannunsa, ga lokacin da aka ɗauke. A layi na ƙarshe ya kwafe lambar farko da take fitowa a allo bayan ya danna jan, wato ƙarfin da na'urar ta auna a zagayen farko. Na bi layin da yatsa. Lamba ɗaya ce, har wutsiyarta. Na buɗe shafi na biyu, ita ce. Na uku, na huɗu, har inda rubutun ya tsaya a safiyar ranar. Wata biyar da 'yan kai, da kyakkyawan rubutun Baba, lamba ɗaya.

"Kin gani?" in ji shi yana murmushi. "Ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Ni ma shi ya sa na san aikin zai yi kyau."

Na sake bin layin da ido. Idan iri ya bambanta, ba yadda za a yi lambar farko ta zo ɗaya kwana biyu a jere, balle wata biyar. Ashe gwaji ɗaya tak na yi. Hanya ɗaya na'urar take bi kowace safiya, wata rana ta yi nisa, wata rana a katse ta da wuri, ni kuma ina kwafe su ina tarawa a matsayin shaidu daban-daban. Shaida ɗaya ne nake ta kira yana maimaita maganarsa.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗaga wa Baba murya. Na ce, "Kana ganin wannan kullum, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Murmushin ya tafi. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Ban san laihi ba ne, Uwata. Na agogon dai na hwaɗa maki."

Ya faɗa mini. Na tuna ranar, na tuna amsar da na ba shi ina wucewa. Na zauna a ƙasa dirshan.

Ranar Asabar na naɗe kwamfutar a zani na kai ta Babbar Kasuwa. Akwai wani mutumin Filato a bayan layin masu yadi, dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, kowa Injiniya yake ce masa. Muka gaisa, ya tambayi Baba da jiki, na tambayi matarsa Madam da yara. Ya kunna ta a janaretan shagonsa, layin nan ya fito, ya karanta, ya dube ni, ya dubi jan farcen.

"Malama, tun yaushe tana nuna wannan?"

"Tun da na saye ta."

Ya kwance murfin, ya sa ɗan tsinke ya ɓamɓaro wani ƙaramin batir mai faɗin maɓallin riga. "Wannan ne ke riƙe mata lokaci idan an kashe. Ya mutu tun tuni fa. Duk sa'ad da kika kunna sai ta koma ranar da aka ƙera ta, ƙarfe sha biyu. Abin da take gaya miki ke nan kowace rana, kina rufe mata baki."

Bai yi minti biyar ba ya sa sabo. A hanyar gida na yi ta juya abin a raina. Da Baba malalaci ne, ya kunna ya je ya sha koko ya dawo kafin ya danna, da minti ya gusa, da iri ya canja, da na tsira ban ma sani ba. Himmarsa ce da girman kaina suka haɗu suka kashe aikin.

Kwana tara na yi ban rubuta wa Malam ba. Ba zan yi ƙarya in ce ban yi tunanin yin shiru ba. Babu wanda ya sani. Injiniya batir ya gani, Baba bai san nauyin abin ba, Malam kuwa ya riga ya gamsu, masu jarrabawa ba za su zo Ƙofar Kwaya su nemi baƙin littafi ba. Lambar da na samu ma ba ta yi kama da ƙarya ba, tana kusa da inda ake tsammani. Abin da ba gaskiya ba shi ne tabbacin da na ɗora mata. Kuma na yi lissafi, idan zan sake aikin yadda ya kamata da irin wutarmu, sai na haura shekara, Malam kuwa saura masa wata shida. Na fara babi na ƙarshen ma, na rubuta shafi uku. Ina koyarwa, ina dafa abinci, ina salla, abin yana zaune a ƙirjina. Babu mahaluƙi ɗaya da zan zauna da shi in ce ga abin da ya faru, me ka gani.

Baba kuma ya daina shiga ɗakin geron. Da hantsi sai ya zauna a ƙarƙashin darbejiya, ko an kawo wuta ba ya motsawa. Na ba shi haƙuri har sau biyu, ya ce ba komai, amma ya ce hannunsa ba zai ƙara taɓa abin da zai ɓata mini ba. A rana ta tara na shiga ɗakinsa kai masa ruwa, na tarar ya ajiye littafin a kan tabarmar sallarsa a buɗe, ya ja layi ja a ƙarƙashin rubutun ƙarshe, kamar yadda suke rufe fayil a ofis. Mutumin da bai san carbin hiliyom ba ya rubuta abin da idonsa ya gani kowace rana bai gyara ko harafi ba, ni kuma mai neman a kira ni dakta ina shirin gyara nawa. A ranar na zauna na rubuta wasiƙar, na faɗi komai, har jan farcen. Talata na ba direba.

Amsar ta zo a ƙaramar takarda. Malam ya ce ya karanta, ya ce na yi abin da ya kamata, ya ce ya janye jadawalin daga hannun shugaban sashe. Ya ce ya nema mini ƙarin lokaci an ce ƙa'ida ba ta yarda ba. Layin ƙarshe ya ce in sake aikin duk da haka, in aiko masa ya gani ko yana ina. Ban yi kuka ba wannan karon, na ninke ta na sa a jaka na tafi aji.

Da sabon batir na'urar ta daina neman a danna mata komai, da an kunna take wucewa. Jan maɓallin ya zama ba shi da aiki, Baba ma haka. Sai na koma cikin firogiram ɗin na goge layin agogon da na yi alfahari da shi, na sa ya riƙa tsayawa yana tambayar iri daga hannun mutum. Na je na durƙusa gaban Baba na ce masa yanzu ba za ta tashi ba sai an ba ta lamba, kowace rana sabuwa, wadda ba a taɓa ba ta ba, kuma ni ba na gida da hantsi.

Ya ɗago ya dube ni. "Kowace iri?"

"Kowace iri, Baba. In dai ba ka maimaita ba."

"Maimaici kuwa ai sai wanda bai da rijista."

Ya buɗe sabon shafi. Ya fara da lambar fayil ɗinsa na aiki, ya bi da lambar tsohuwar motarsa, da lambobin gidajen da ya zauna a garuruwan da aka tura shi, da suka ƙare ya koma ƙirƙira. Sakamakon ya zo da hayaniyarsa, yau sama gobe ƙasa, mummuna a ido. Malam ya ajiye aiki a lokacinsa. Takardar da ta ce rajistata ta ƙare ta iso da damina, na sa ta ƙarƙashin akwati. Muka ci gaba, ni da Baba, shekara guda da wata huɗu.

Ranar da na haɗa duka na raba, na daɗe a zaune ina kallon allon. Matsakaicin gaskiya ya faɗo kusan daidai inda na ƙaryar ya faɗo. Ratar shakkar ce kawai ta fi faɗi. Na saka a faifai na kai wa direba kamar yadda Malam ya ce. Talatar da ta biyo ya dawo mini da ambulan ɗina a rufe. Mai shagon ya ce tsohon ya tashi ya koma ƙauyensu, jikin ba daɗi, babu wanda ya bar wa adireshi.

Na dawo gida da la'asar na tarar da Baba a ɗakin geron yana ja wa shafin gobe layi. Na gaya masa an gama haɗawa, na gaya masa inda lambar ta faɗo. Ya ajiye rular.

"Ke nan waccan ta hwarko ma daidai ce?"

"Kusan daidai ce, Baba. Ba mu da hujja ne a lokacin."

"Da kin yi shiru, da yanzu ke dakta ce."

"Da yanzu ni dakta ce."

Ya shafa bangon littafin da tafin hannu. "Ni na nuna maki shi."

"Kai ka nuna mini."

"Ko yau ne sai na nuna maki, Uwata. Amma ya yi mani ciwo." Ya mayar da tabarau, ya ɗauki biro. "To gobe hwa? Ina da wata mai kyau, na tuno lambar keken da na hwara saye."

Aikin ya ƙare, babu sauran abin da na'urar za ta auna, babu kuma wanda zan aika wa. Na dube shi da biro a hannu yana jira. Na ce masa ya sa ta, in an kawo wuta.